Gyambon da ke bayan Baba

Shekarun baya, da damina, ɓarin jikin mahaifina ya shanye a ƙauyenmu kusa da Tarka. Ba magana, ba tashi, sai ido. Muka kwantar da shi rigingine a kan tabarma, muna ba shi kunu, muna ganin mun iya jinya.

Mahaifiyata ce ke gyara shi, amma ba ta da ƙarfin juya shi. Ni kuwa da nake da ƙarfin, ɗan fari ne ni, kunya ba za ta bar ni in ɗaga rigarsa ba. Wari ne ya tona mana asiri. Da na daure na juya shi, sai ga rami a gindin bayansa, ƙudaje na bi. Na kau da kai, ni da nake cika baki ba na tsoron jini.

Baffana, makiyayin raƙuma ne, ya ce wannan ai gyambon sirdi ne, bushewa yake so. Ya ƙona wata tsohuwar fatar dabba, ya cika ramin da tokar, ya danna auduga. Washegari audugar ta manne. Da muka ja, sai ta fito da nama, hawaye na bin kuncin Baba. Zazzaɓi ya rufe shi. A ranar na tabbata ciwon nan zai ci shi har ƙashi muna kallo.

Na hau babur na ɗauko majo, babban ma'aikacin asibiti, daga Belbeji. Ya wanke tokar tas, ya shimfiɗa wani ƙyalle mai maiƙo, ya rufe. Baffa ya ce danshi ruɓar da miki yake yi.

Majo ya ce, "Baffa, busasshe ya cizge nama, wannan ba zai cizga ba. Amma in ba ku riƙa juya shi ba, duka biyun banza ne."

Ban san wa zan gaskata ba, amma muka bi ta majo, muka riƙa juya Baba. Kullum in zan ɗaga ƙyallen, sai na rufe ido tukuna, ina tsoron in ga tsutsa. Ƙyallen ya riƙa fita salin alin, ba jini. Sannu a hankali jan nama ya taso, ramin ya cike. Baba ya ƙara shekaru tare da mu.

Amma tsoron bai bar ni ba. Har yau in na je duba mai dogon kwanciya, kafin in gama gaisuwa na shaƙi iskar ɗakin, ko zan ji warin nan.