Ranar da Na Goge Motocin Yayana

Assalamu alaikum Edita, tare da masu karatu. Ina roƙon a ba ni fili in sauke wani abu da ya daɗe yana cina, kuma a sakaya sunana.

Lokacin da abin ya faru shekarata ashirin da huɗu, ina da ƴar rumfar gyaran salula da caji a bakin tashar Gazawa. Ni ne auta a ɗakinmu. Lakol ban yi nisa ba, sau biyu jarrabawar ƙarshen kwaleji tana kayar da ni, na haƙura. A gona ma ni ake bari a baya. Yayana kuwa, wanda ya ba ni shekara tara, direban motar haya ne tsakanin Maraɗi, Agye, Gazawa da Tasawa, kuma kaf garin an san shi da iya tuƙi da sanyin hali. Ni dai ƙanen direba ne, haka ake nuna ni ga baƙo. In tsohuwarmu za ta yi mani faɗa, da yabonshi take farawa. Allah ya sani ban ƙi shi ba, shi ne ma ya saya mani kayan aikin da na fara gyara da su. Amma duk sanda ya shigo gida aka tashi ana rige-rigen yi mashi sannu da hanya, sai in zame in koma gefe.

Abu ɗaya na mallaka wanda babu hannunshi a ciki, wato wani wasan tseren motoci na cikin waya. Ba irin wanda ake ɗora ka kan layi ɗaya ka yi ta gudu ba ne. Ƙasa guda ake shimfiɗa maka, da birni da daji da duwatsu da bakin ruwa, ka bi duk inda ka ga dama, ka nemi tsere da kanka. Da wata akwalar mota ake fara ka. In ka ci tsere a ba ka maki, da makin kake gyara motar ko ka samu wata, kuma sai ka hau wani mataki kafin a buɗe maka sabon yanki. A fadarmu, inda muke shan shayi bayan la'asar, mu takwas ne muke bugawa, muna da ƙungiya a cikin wasan, ni ne shugabanta. Duk wanda ya maƙale ni yake nema. Har wasu samari daga Gidan Rumji da ban taɓa gani ba suka shigo ƙungiyar, suna turo mani saƙon murya suna tambaya. Ƙaramin abu ne, na sani, amma nan ne kaɗai nake gaba da kowa.

Da damina ta shekarar, tsakanin Agye da Gazawa, wata saniya ta faɗo wa yayana kan kwalta. Ya kauce mata, motar ta ƙwace ta yi cikin rami. Fasinjoji Allah ya tsare su, shi kuwa ƙafar dama ta murƙushe, a asibiti aka yanke ta daga ƙasan gwiwa. Mutumin da ya dawo gida ba shi ne wanda ya fita ba. Ya shige ɗaki ya juya wa ƙofa baya. Sandunan da aka ba shi suna jingine a bango sun yi ƙura. In ya ji hon ɗin mota daga titi sai ya ja zane ya rufe kai. Wata uku ana haka, rannan matarshi ta tare ni a zaure ta ce in taimaka in riƙa zama da shi ko na awa ɗaya ne, don ita maganarta ta ƙare.

Da na rasa abin da zan ce mashi, sai na sa mashi wasan a wayarshi. Ya kalle ni ya ce shi zan kawo wa wasan yara? Na ajiye wayar a kan tabarma na tafi. A kwana na uku ina shiga ya tambaye ni, ba tare da ya ɗago ba, wanne ne birki a cikin maɓallan nan.

Daga nan na zama malaminshi, kuma wallahi da zuciya ɗaya na fara. Na kunna mashi layin nan da ake zana wa sabon shiga a kan hanya, wanda ke komawa ja in ya kamata a rage gudu. Na ce kada ya yi gaggawar shiga manyan tsere da akwala, ya fara da ƙananan aike-aike na kai kaya daga wannan unguwa zuwa waccan, ya riƙa bin hanyoyin da bai taɓa bi ba, don kowace sabuwar hanya tana da makinta. Na hana shi ɓata maki wajen fenti. Na nuna mashi aikin kullum da ake bayarwa, wanda in ka jera mako kana yi a ba ka kyautar mota. Yana saurare kamar ɗan lakol, yana cewa, “Auta, nan kuma me zan taɓa?” Tun da aka haife ni bai taɓa tambayata abin da bai sani ba. Abu ɗaya ne ban nuna mashi ba, yadda ake haɗa wasan da adireshin intanet don ko waya ta lalace aikin mutum ya tsira. Da farko mantuwa ce. Daga baya na tuna, na yi shiru.

Ba a yi wata biyu ba ya kashe layin taimakon, ya ce yana rufe mashi ido. Ya mayar da giya ta hannu, yana canja ta da jin kukan inji. Mu duk inji muke fara ƙara wa ƙarfi, shi ya ce taya da birki ne farko, motar da ba ta tsayawa ba mota ba ce. Kafin kwana yake taka birki, mu kuwa sai mun shiga muke ruɗewa. Akwai wani tseren kan dutse da na yi wata biyu ina faɗuwa kafin in wuce shi. Shi a gwaji na huɗu ya wuce, da motar da ba ta kai tawa ba, ya kuma karya lokacina. Ya miƙo mani wayar yana dariya, dariyar farko tun bayan hatsarin. Na yi dariyar ni ma, amma ba har zuci ba.

Sannu a hankali ya ɗauki sandunan ya fara fitowa ƙofar gida, gindin dogon yaro. Fadarmu ta tashi daga bayan rumfata ta koma can, da butar shayin da komai. In na rufe rumfa na iso, sai in tarar an kewaye shi, kawuna a haɗe, yana bayanin yadda ake shiga kwana a kan yashi. Ba mai ɗagowa ya ce mani ga wuri. Saƙonnin Gidan Rumji suka daina zuwa wayata. Ɗaya daga cikinsu ma ya tambaye ni wai da gaske ni ƙanen mai farar motar nan ta cikin wasan ne? Na taɓa ba yayana gurguwar shawara da gangan, na ce ya zuba duk makinshi a kan wata mota mai gudu da na san ba ta riƙe hanya. Ya gwada ta sau ɗaya ya gane, ya ce kowa yana kuskure, bai kawo komai a ranshi ba. Abin da ya ƙarasa ni shi ne ranar da ƴan ƙungiya suka ce a ba shi shugabanci. Ya ƙi, ya ce ƙanenshi ne ya koya mashi, ba zai hau kujerar malaminshi ba. Kowa ya yaba da halinshi. Ni kuwa sai na ji kamar sadaka aka ba ni da abin da yake nawa.

Wata ranar kasuwa wurin cajin wayarshi ya lalace. Ya ba ni da hannunshi, ya ce in lallaɓa mashi ita, ranar Juma'a akwai gasar ƙungiyoyi. Gyaran bai kai rabin awa ba. Da na kunna wayar, maimakon in ajiye, sai na buɗe wasan na shiga garejinshi. Motoci sun fi ashirin. A gaba akwai farar nan da yake ji da ita, ya ja mata ratsin shuɗi a gefe, ya ɗora mata abin ɗaukar kaya a sama. Motarshi ce ta haya sak, wadda ta mutu a rami. Na gane ta, kada wani ya ce ban gane ba. Rana tsaka ce, tasha cike da hayaniya, ana ta kiran Tasawa, Tasawa. Na shiga saitin wayar na goge duk abin da wasan ya ajiye. Sau biyu wayar ta tambaye ni ko na tabbata, sau biyu na danna.

Da yamma na kai mashi, na ce ciwon ya fi yadda muka zata, dole ta sa na wanke wayar, na share duk abin da ke cikinta. Ya buɗe wasan a gabana. Akwalar nan ta farko ta fito, ana mashi maraba a matsayin sabon direba. Ya daɗe yana kallonta. Ya tambaya ko akwai yadda za a dawo da su, na ce babu. Ya ce Allah ya sa haka ne mafi alheri, ya yi mani godiyar gyara, ya kife wayar.

Na samu abin da nake so. Fada ta dawo bayan rumfata, tambayoyi suka dawo wurina. Gasar Juma'a muka sha kashi, ban ma damu ba. Amma shayin ya daina yi mani daɗi. Yayana bai sake fitowa gindin dogon yaro ba. Ranar da aka sa mashi ya je Maraɗi a auna shi don ƙafar roba, ya ce a ɗaga. Na riƙa shiga gida ta inda ba zan wuce ƙofar ɗakinshi ba. Bayan kamar mako shida matarshi ta zo har rumfa, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta ce ya koma cin loma biyu ya ture kwano. Ta ce duk dangi ni kaɗai na iya fito da shi daga ɗaki, ba za ta manta mani ba har ta mutu, in dubi Allah in sake zama da shi mu fara daga farko. Tana yi mani addu'a, ni kuwa ina riƙe da wayar wani, na kasa ci gaba da gyaran.

Washegari bayan azahar na shiga wurinshi. Na durƙusa na faɗa mashi komai, ban rage ba. Na zaci zai ɗaga sanda, da ma ya yi hakan da na fi samun sauƙi. Sai ya ce, “Na sani, Auta. Tun ranar na sani. Wayar da aka wanke ba ta dawowa da hotunan ƴaƴana da lambobin mutane. Komai yana nan, motocina ne kawai babu.” Na ce to me ya hana shi magana? Ya ce wa zai faɗa wa, tsohuwarmu? Sannan ya ce, “Saniyar nan ba ta san ni ba. Kai ka san abin da motocin nan suke a wurina.”

Na yi kuka irin wanda ban yi ba ko ranar hatsarin. Na miƙa mashi wayata na ce ya ɗauki garejina duka. Ya ture ta, ya ce shi ba yawan motoci ya dame shi ba, a can ne kawai yake mantawa ba shi da ƙafa, kuma daɗin abin shi ne ƙanenshi na zaune a gefenshi. Ya tambaye ni me ya tare mani. Na faɗa mashi abin da ke cina tun ina yaro. Ya ce bai taɓa sani ba, da ya sani da ya gyara abin da zai iya. Ya ce ya yafe, duniya da lahira, kuma maganar ta tsaya tsakaninmu. Har yau matarshi ba ta sani ba, tana nan tana yi mani addu'a.

Yanzu shekara biyu ke nan. Ya karɓi ƙafar roba, yana aikin rubuta fasinjoji a tasha, muna gaisawa muna cin abinci kwano ɗaya. Wasan bai sake sa shi ba, ni ma na miƙa shugabancin na fita. Amma rumfata tana kallon teburinshi, kuma duk sanda wayarshi ta samu matsala ina ganin shi ya taka a hankali ya tsallaka titi, ya kai wa wani mai gyaran. Bai taɓa cewa komai ba, ni ma ban taɓa tambaya ba.

Abin da na koya shi ne hassada ba ta zuwa da sunanta. Ni ce mani ta yi haƙƙina nake karewa, kuma ai wasa ne, ba wanda zai mutu. Na kuma gane abin da kake gani ƙarami, wataƙila shi ne igiyar da wani ke riƙe da ita. Ƴan'uwana masu wasannin nan, da ma masu kowace sana'a, in sabon shiga ya zauna a gabanku ya ce ku koya mashi, ku koya mashi duka, har da yadda zai tsare abin da ya tara. Ku sa a ranku tun ranar farko cewa zai iya wuce ku. In kun ji ƙirjinku ya fara zafi don an yabe shi, ku tashi daga wurin, ku faɗa wa wani, ko ku faɗa mashi shi kanshi, kafin hannunku ya kai ga abinshi. Ni an yafe mani, amma yardar da aka ba ni da hannu biyu ban san ranar da za ta dawo ba.