Yatsan Baba Santsi

Shekara talatin da huɗu Baba Santsi ya yi a masana'anta ɗaya, a lungu ɗaya, gefen wata taga da ba ta rufuwa. Aikinsa rami. In an huda ƙarfe, cikin hudar yakan fito da kaushi, sai a bi shi da rima, wani ƙarfe mai dogayen haƙora da ke kankare ramin har ya yi sumul. Ƙarfen da suka fi aiki da shi na tsaka-tsakin nan ne, ba tauri can ba laushi can, ga rainin wayo: ka cika gudu ya ɓata maka rami, ka yi sanyin hannu rimar ta yi ta gugarsa ba ta yanka.

Shi kam ya san halinsa. Sai ya rage gudun inji zuwa rabin na huda, ya zuba mai ba rowa, ya tura da gaske. Wanda kuwa ya kuskura ya juya rima baya a gabansa, ranar sai ya gwammace kiɗa da karatu.

Faɗin rami akwai ma'auninsa, amma santsin cikinsa sai ƙaramin yatsan Baba na dama. Duk abin da aka gama sai ya bi ta teburinsa. Ya zura yatsa, ya juya. In ya yi, ya ce "santsi", inda ya samo sunan ke nan. In bai yi ba, ya turo maka kayanka ba ko kallo. Wanda ya fi shan wannan turi shi ne Dogo, mai injin kusa da shi, mutum mai gaggawa da baki. Shekara goma sha tara suna haka.

"Wannan yatsa naka, ran da ka mutu sai mun cire shi mun rataye a ofis," in ji Dogo.

"Ka fara koyon zuba mai tukuna."

Da wannan yatsa ya aurar da 'ya'ya uku, ya rufa wa kansa asiri. Yana da shekara hamsin da takwas likita ya ce masa ciwon suga ne. Ya karɓi magani, bai faɗa wa kowa a wurin aiki ba. Mai ɗakinsa ce ta fara lura, ran da ya ɗauke murfin tukunya daga wuta ya tsaya yana magana da shi a hannu.

"Malam, ba ka jin zafi?"

"Hannun mai aikin ƙarfe ne," ya ce. Ta dube shi.

A watan nan suna kan aikin zobban famfon ruwa, guda ɗari huɗu. Zane ɗaya a cikin zobe ya isa ya cinye sandar da ke juyawa a ciki, famfo ya fara yoyo. Wata safiya aka kira Dogo a waya, ya tsayar da inji da rima a ciki, ya dawo ya fizge ta. Ya san ya yi ɓarna, amma ya kai zoben tebur, ya tsaya jiran a turo masa.

Baba ya zura yatsa, ya juya. "Santsi."

Dogo bai motsa ba. Can ya ɗauki zoben ya ɗaga shi saitin taga. Zanen na nan dogo, daga baki har ƙasa, ko daga inda Baba ke zaune ana ganinsa. Dogo ya jefa shi kwandon tarkace ya koma injinsa.

Baba ya zauna da hannu a cinya. Tsoro ya ji, irin wanda rabonsa da shi tun yana sabon shiga. Dogo ba zai tona shi ba, wannan ya sani. Kaya na cikin kwali, jibi mota za ta zo. In ya yi shiru yana da tebur, in ya yi magana ba shi da shi.

Bayan an ci abincin rana ya shiga ofishin manaja.

"Ranka ya daɗe, a buɗe kwalayen nan. Duk abin da ya bi ta hannuna a watan nan a sake dubawa."

"Lafiya, Baba?"

"Yatsan ne. Ya daina ji."

Wuni biyu aka yi ana yi. Baba yana buɗe kwali yana miƙawa, Dogo na zaune a kujerar Baba yana zura yatsa. Goma sha ɗaya suka fito da zane. Duk zoben da ya samu da zane, sai Dogo ya ajiye shi gefe a hankali, ya miƙo hannu a ba shi na gaba. Ko sau ɗaya bai yi masa tsiya ba, kuma wannan ne ya fi yi wa Baba ciwo.