Maƙoƙon Inna Hurera

Wallahi abin nan a gabana ya faru, shekarun baya, lokacin ina koyon tiyatar wuya a hannun wani Farfesa a asibitin koyarwa. Gwani ne, ban hana shi ba, amma a wurinsa maras lafiya kayan koyarwa ne kawai, har yau in na tuna raina ɓaci yake.

Muka je Yelwa aikin tiyata kyauta, aka kawo wata tsohuwa daga wajen Wara, Inna Hurera, mai bandar kifi, da maƙoƙo kamar ƙwarya a hagun wuyanta. Kafin a sa mata maganin barci ta riƙe hannun Farfesa ta ce, "Likita, abin da ka hidda ka ba ni abuna in bizne. Jikina na, da shi za a tada ni."

"To Inna," ya ce, yana dariya.

Aiki ya yi kyau, amma da ya ga girman abin sai ya jefa shi a kwalba, cikin ruwan maganin hana ruɓewa, wai ɗalibai za su gani. Ta aiko ɗanta har asibitinmu ya karɓo mata abinta, Farfesa ya dubi idonsa ya ce an ƙone. Da damina ta faɗi muka ji Allah ya yi mata rasuwa.

To, ran nan da rana tsaka yana koyarwa, ya ɗaga kwalbar nan gaban ɗalibai, sai ƙaurin bandar kifi ya cika ajin. Ya buɗe baki, abin da ya fito muryar tsohuwa ce: "Ba ni abuna." Innalillahi! Ɗalibai suka yi ta kansu. Ni na tsaya na duba kwalbar, murfi a liƙe yadda yake, ciki kuwa ruwa ne zalla.

Kafin sati ya zagayo hagun wuyan Farfesa ya kumbura, numfashi ya fara gagara, dole aka shiga da shi tiyata, kuma ni na riƙe wuƙar. Ina yankawa warin maganin kwalba ya doke mu har idanunmu suka yi ruwa. Abin da na ciro ba ya jini, ya yi tauri ya yi fari, ga zaren da na ɗaura da hannuna a Yelwa yana nan jikinsa.

Na naɗe shi a farin ƙyalle na kai Wara, ɗanta ya binne kusa da ita, ko sannu bai ce mini ba. Farfesa ya rayu, amma murya ba ta dawo ba, koyarwa ta ƙare, kuma ban ji tausayinsa ba ko kaɗan.

Ku da kuke aiki da jikin mutane, in mai abu ya ce a ba shi abinsa, ku ba shi tun yana iya karɓa da hannu.