Ɗan Mai Burkutu a Catford

Da a ce wani ya tare Dachung a Bukuru ya ce masa wata rana zai tsaya bayan kanta yana zuba wa Turawa giya, da sai ya dafa kan mutumin ya yi masa addu'ar samun lafiya. Malamin firamare ne, shugaban mawaƙa a majami'arsu, mutumin da ko warin giya ya ji sai ya tsallaka titi. Sai ga shi yana da shekara hamsin da ɗoriya ya biyo matarsa Tina zuwa London, inda ta samu aikin jinya, ya tarar takardun malantarsa ba su da wata daraja a nan sai an sake komawa makaranta.

Wata da watanni yana zaune a flat ɗinsu da ke unguwar Catford. Ya raka 'yarsu Sharon makaranta, ya dawo ya ɗora tukunya, ya share inda ya riga ya share. Tina ba ta taɓa yi masa gori ba, kuma wannan haƙurin nata ya fi gori ci masa rai. In 'yan gida suka kira suka ce, “Yaya aiki?” sai ya ce an gode Allah, ya yi sauri ya tambayi labarin damina. Ya nemi gadi, ya nemi jera kaya a kanti, ko'ina a ce za a kira shi. Har yau ana kan kiran.

Haggai ne ya share masa hawaye, wani saurayi ɗan Kafanchan da suke majami'a ɗaya, mai kula da ma'aikata a wani tsohon pub, wato gidan giya, kusa da tasha. Bayan sujada ya ja shi gefe.

“Baba, wani yaronmu ya yi resign. Na yi wa Madam magana, ta yarda a yi maka trial na sati guda. In ka iya, aiki naka ne. Amma fa giya ce, kar ka ce ban faɗa ba.”

Dachung ya kwana biyu yana kokawa da zuciyarsa. Da ya gaya wa Tina, maimakon ta tausaya masa, sai ta fashe da dariya.

“Baban Sharon, ashe dai barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe!”

Bai ji daɗin maganar ba, domin ta taɓa inda yake masa ciwo. Mahaifiyarsa, Ngo Kachollom, mai burkutu ce a kasuwar Kugiya. Da hayaƙin tukwanenta ta biya masa kuɗin makaranta tun daga aji ɗaya har kwalejin malanta. Yana yaro shi ke wanke mata ƙore, yana kallon yadda take aiki: ta ɗebo da ludayi, ta kwashe kumfar ta watsar, ta cika ƙwarya har baki, ta miƙa da hannu biyu. Kullum tana cewa wanda ya sayar wa mutum kumfa iska ya sayar masa, kuma Allah na gani. Da ya girma ya shiga ƙungiyar mawaƙa, sai ya riƙa zuwa gaishe ta a gida kawai, ban da rumfa. Ita kuwa ba ta taɓa ce masa don me ba, har ta koma ga Mahaliccinta.

Ranar Talata da hantsi ya isa pub ɗin da farar riga a goge da takalmi yana sheƙi, kamar mai zuwa ɗaurin aure. Madam, mai wurin, wata dattijuwar Baturiya ce mai gajeren gashi da gajeren zance. Ta dube shi sama da ƙasa, ta miƙa shi ga Haggai.

Haggai ya shiga nuna masa famfunan giya da ke jere a kan kanta, kowanne da sunansa. Ya nuna masa yadda ake karkata babban kofin da suke kira pint, da yadda ake auna giya masu zafi da ɗan ƙaramin gwangwani, ba da ido ba. Da suka zo kan baƙar giya sai ya rage murya kamar mai karanta Zabura.

“Wannan ba a yi mata gaggawa, Baba. Ka zuba, ka ajiye ta yi settle, sannan ka ƙarasa. Ka ga farin nan na sama? Dole ya kai kaurin yatsa.”

Dachung ya gyaɗa kai, amma a ransa cewa ya yi, kai jama'a, yaron nan ɗan gidan mutunci, ashe shi ma an koya masa tauye mudu! Kaurin yatsa guda na kumfa a kowane kofi, a kuma karɓi kuɗin mutum cif. Ya ƙudura cewa shi dai ba da hannunsa za a yi wannan ba. Baƙo makaho ne ko da yana da ido, kuma mafi wahalar makaho shi ne wanda ya tabbata yana gani.

Da azahar Haggai ya sauka ɗakin ƙasa canza ganga, ya bar shi shi kaɗai. Sai ga Bernard, wani tsohon direban bas ɗan asalin Ireland, wanda kujerar ƙarshen kanta ta zama tamkar gadonsa. Ya rataye hularsa, ya ce a ba shi baƙa.

Dachung ya zuba, ya jira, ya ƙarasa. Giya ta tsaya baƙa wuluk da farin rawaninta, kyakkyawa, ko Haggai ba zai kushe ba. Sai malam ya ɗauko cokali. Ya kwashe kumfar tas ya zubar, ya ƙara, ya sake kwashewa, ya ƙara, har ruwan ya tsaya daidai da bakin kofi. Ya ɗauko da hannu biyu, ya ɗan rusuna, ya ajiye a gaban tsoho yana murmushin wanda ya yi abin kirki.

Bernard ya dubi kofin. Ya dubi Dachung. Ya sake duban kofin.

“Ɗana,” in ji shi da Turanci, “me ta yi maka ka yanke mata kai?”

'Yan tsirarun da ke wurin suka kwashe da dariya, har wani ya taso ya ɗauki hoto. Haggai ya hauro da gudu, ya ga aika-aikar, ya kama kai.

“Baba! Haba Baba, ka yi killing ɗin pint ɗin mutum! Kumfar ita suke biya, ita ce daɗin!”

Madam na tsaye a bakin ƙofar kicin, ta ga komai. Ta sa aka sake wa Bernard wata, ta dubi Dachung ta ce, “Lahadi za mu yi magana.” Ta juya ta koma ciki.

A bas ɗin komawa gida ya ji kunya irin wadda bai taɓa ji ba tun yana yaro. Mutumin da ya koya wa ɗaruruwan yara karatu, yau cika kofi ya gagare shi. Abin da ya fi ƙona masa rai kuwa, gaskiya ya je yi aka yi masa dariya.

Tina ta saurare shi, ta danne dariyarta da ƙyar, sannan ta fita ta sayo kwalaben malt. “In kiɗa ya canza, rawa ma canzawa take,” in ji ta. “Zo ka yi practice.” Sauran kwanakin nan gidan ya sha malt har Sharon ta ce da Turanci ita kam ta tuba. A wurin aiki kuma ya bi umarnin Haggai sau da ƙafa, ko da yake duk kofin da ya miƙa da kumfa sai ya ji kamar Ngo na kallonsa ta bayan kafaɗa.

Lahadi daga sujada ya wuce pub ɗin, ya tarar wurin maƙil da iyalai masu cin gasasshen nama. Ya yi ta zubawa, ya fasa kofi ɗaya, ya ba wata mata abin da ba ta ce ba. Ya riga ya sallama cewa aikin ya tafi. Da la'asar jama'a suka ragu, Bernard ya shigo. Haggai ya matso zai zuba masa, tsohon ya ɗaga hannu ya nuna Dachung.

Dachung ya zuba, ya jira, ya ƙarasa, ya ajiye da rawaninta. Bernard ya kurɓa, kumfa ta maƙale a gashin bakinsa, ya gyaɗa kai.

“To yanzu gaya mini, ran nan me ya sa?”

Dachung ya yi niyyar cewa kuskure ne kawai. Sai ya ji bakinsa yana faɗin abin da bai taɓa faɗa wa kowa a London ba: cewa uwarsa mai dafa giyar dawa ce, cewa a rumfarta ba a sayar da kumfa, cewa ya ɗauka cutar tsoho zai yi in ya bar ta. Ya faɗa a fili, Haggai na ji, Madam na goge kanta a kusa tana ji.

Bernard bai yi dariya ba. Madam ce ta yi magana, ba tare da ta ɗago ba.

“Na kori yara da yawa a nan saboda cika wa mutane kofi da kumfa. Ban taɓa samun wanda ya yi laifin ta ɗaya gefen ba. Ka zo Talata. Cokalin kuma ka bar shi a kicin.”

Dachung ya yi mata godiya. Bernard ya turo kuɗi ya ce, “Ka zuba ɗaya, taka ce.” Haggai ya raɗa masa cewa al'adarsu ce in sun ji daɗin mai zuba musu, tunda ba ya sha, ya ɗauki lemo.

Bai ɗauki lemo ba. Ya ɗauko ƙaramin kofi ya zuba baƙa, ya nemi izinin minti biyu, ya bi ta kicin ya zari cokali, ya fita bayan ginin inda ake jera gangunan da suka ƙare. Can, babu mai ganinsa, shugaban mawaƙa ya kwashe kumfar tas. Ya riƙe kofin da hannu biyu, ya durƙusa a kan siminti mai sanyi, ya tsiyaye shi a gindin wata 'yar bishiya da ta tsiro a jikin katanga.

“Ngo,” ya ce, “na samu aiki. Irin naki ne. Ga naki, babu kumfa.”

Ya goge ido da bayan hannu, ya ɗauraye kofin, ya koma bayan kanta, domin akwai mutum biyu suna jira.