Sunan Uwar Tumaki a Saman Nawa

Shekara goma sha ɗaya muna aiki a gini ɗaya da matar nan, kuma ba zan ɓoye ba, kishinta nake yi. Ni ke kula da na'urar gwajin jini a sashen bincike. Ita kuwa garken tumaki ke hannunta, can bayan gini inda ko mai shara ba ya son leƙawa. Uwar Tumaki muke ce mata. Firamare kaɗai ta yi, ni ga takarduna uku rataye a bango.

Abin da Farfesa, shugaban sashenmu, ke bincike ba shi da wuyar faɗa. Ƙwaƙwalwa tana sakin wani ɗan sinadari da ke zungurar wata 'yar tsoka da ke ƙarƙashinta, girmanta bai fi ƙwayar wake ba. Ita kuma tsokar sai ta zuba sinadarin haihuwa cikin jini. Ba kwarara yake yi kamar famfo ba, ɗigo-ɗigo yake zuwa, a jira, a sake. Kafin ka kama ɗigon nan sai ka ɗebi jinin tunkiya duk minti goma, har awa shida, ta wata siririyar roba da aka saka a jijiyar wuyanta. Uwar Tumaki ke ɗiba, ni in auna.

Burina guda ne, in takardar binciken ta fito a ga sunana dab da na Farfesa. Na gaji da zama wanda ake yi wa godiya a layin ƙarshe. Sai na je na same shi na ce, “Ranka ya daɗe, ɗibar jinin nan aikin mai ilimi ne. Ka bar mini mako guda ka gani.”

Ya bar mini. Na shiga garke da farar riga a goge, na sha turare, agogo a hannu. Duk minti goma daidai nake ɗiba, ko daƙiƙa ban ƙara ba. Da na auna, zanen da na'ura ta fitar ya miƙe sumul kamar igiyar shanya, babu tudu ko ɗaya da ke nuna ɗigon sinadarin. Kwana biyar haka. Na kwance na'urar na sake ɗaurawa, ashe lafiyarta ƙalau.

Ranar ta shida Uwar Tumaki ta tsaya a ƙofar garke tana kallona.

“Ƙanena, tsoronka suke ji,” ta ce. “Ka dubi kunnuwansu. Tunkiyar da ke jin tsoro, jikinta ba ya tunanin haihuwa.”

Ashe ita tun kwana biyu kafin ɗiba take zama cikinsu a kan bokitin da ta kife, da tsohuwar rigarta mai warin garke, tana yi musu 'yar hira. Robar ma ta bayan katanga take janta, tunkiya na tuƙa ba ta san an taɓa ta ba. Ba wanda ya koya mata, ba ta kuma taɓa faɗa ba, don ba wanda ya tambaye ta.

Ta karɓi aikinta, tudun suka dawo reras. Farfesa ya yi ta murna, ya ce mako gudan nan nawa ya fi komai amfani, domin ya nuna yadda tsoro ke rufe bakin ƙwaƙwalwa. Wato kuskurena ne ya zama hujja. Raina ya ɓaci har na kasa cin abinci.

Da aka zo haɗa takarda, ni aka ba bugawa. Farfesa ya ce sunanta ne na biyu, nawa na uku. Sai na tarar ban ma san cikakken sunanta ba. Na tafi garke da biro na same ta tana zuba dusa.

“Yaya, yaya ake rubuta sunanki?”

Ko ɗagowa ba ta yi ba. “Rubuta yadda ya yi maka, ƙanena. In wurin ya yi kaɗan ma ka sa naka kawai.”

Na koma ofis na nemo fayil ɗinta, na kwafe shi harafi-harafi a saman nawa.