Mai Riƙe Wutsiyar Tsere

Shekara goma sha biyu Baba Wilson Didam yana zuwa na ƙarshe a tseren ma'aikata, kuma ba a taɓa samunsa da kuskure ba.

Shi ne mai yankan ciyawa da zana layin fili a wata jami'a mai zaman kanta da ke bayan Unguwar Boro. Da ƙuruciyarsa shi ne ɗan tseren wata masaƙa a Kakuri, har Legas an kai shi, kafin masaƙar ta rufe. Yanzu ya haura sittin, aikinsa kuma na kwantiragi ne. Duk Disamba sai magatakarda, Malam Umar, ya sa hannu kafin Baba ya san ko yana da aiki a Janairu.

Tseren ranar wasanni yana da tsarinsa, ko da yake ba a rubuce ba. Shugaban jami'a ne na ɗaya, da tumbinsa da komai. Magatakarda na biyu. Farfesoshi da daktoci su raba tsakiya bisa girma. Baba Wilson ya riƙe wutsiya, don kada mai digiri uku ya zo na ƙarshe a gaban ɗalibai. Kada ka raina aikin. Bin bayan shugaban sashen shari'a ba tare da ka wuce shi ba sai wanda ya san gudu.

Bana aka kawo malamin lissafi daga Koriya, Dakta Han, siriri mai tabarau. Tun zuwansa kowace safiya yake rusuna wa Baba Wilson, har Baba ya fara zaton mutumin yana fama da ciwon baya.

Ana gobe wasanni Malam Umar ya kira Baba ofis. "Ka ga baƙon nan? Ya sa sunansa a tsere. Kada in ji ya zo las. Disamba ta kusa, ka gane?"

"Na gane, sa."

Aka busa usur. Shugaba ya yi gaba yana haki, sauran suka jeru a bayansa. Baba Wilson ya koma mazauninsa, sai ya ga mutum a kafaɗarsa. Dakta Han ne. Baba ya rage gudu, Dakta ya rage. Baba ya koma tafiya, Dakta ma haka.

"Dakta, wuce mana," in ji Baba da Turancin da ya samu.

Dakta ya girgiza kai. Ya ce shi dai yadda aka rene shi, ba zai bar sa'an mahaifinsa a baya shi kaɗai ba.

Kowa ya gama, su biyu suna tsaye taku goma kafin layi, kowa na miƙa wa ɗan'uwansa hanya. Ɗalibai suna ta shewa. Baba ya hango Malam Umar a rumfa ya harɗe hannu. Sai ya kama gwiwa, ya saki ƙara, ya zube a ciyawar da ya yanka jiya.

Dakta Han bai yi wata-wata ba, ya goya shi. Ƙirjin Dakta ne ya fara ƙetare layi, Baba yana baya. Aka yi tafi, har shugaba ya share ido da hankici.

Bayan sati biyu takarda ta zo. Jami'a tana godiya ƙwarai, amma ganin halin da gwiwarsa take ciki, ba za ta so ta ƙara wahalar da shi ba.

Ransa ya ɓaci, ɓacin da bai taɓa ji ba tun ranar da aka rufe masaƙa. Ya ninke takardar ya sa a aljihu. Daga ƙofar jami'a har gidansa a unguwar Television da gudu ya tafi, bai tsaya ko sau ɗaya ba.

Matarsa Rebecca tana tankaɗe a tsakar gida ta gan shi sharkaf da gumi. "Lafiya, Baban Faith? Wa ya biyo ka?"

"Gwiwar nake gwadawa."

"To, yaya ka same ta?"

"Lafiyarta ƙalau," in ji shi, ya miƙa mata takardar.