Lafiya Lau ɗin Gidan Malama Bibiana

Matar yayana, Malama Bibiana, ba ta iya zama wuri ɗaya ba. Ni na faɗa, kuma ko a gabanta zan maimaita, don ni ƙanwar miji ce, ba mai kama bakina. Rayuwarta kaf a firamare ta yi ta, tana koyar da lissafi a Samaru, har ta kai da wuya ka shiga bas zuwa Sabon Gari ba ka tarar da wanda ta taɓa murɗe wa kunne ba. Kwandasta ma in ya hango ta sai ya ɓalla maɓallin riga ya rage murya.

Da ta yi ritaya muka ce madalla, Malama za ta huta. Ina hutu! Kafin damina ta fita ta gyara wa Fasto lissafin shekarun Nuhu a bakin coci, ta sa wa kajin gida lokacin cin abinci, ta hana mijinta shan shayi a tsaye. Ana cikin haka ta ji ana neman tsofaffin malamai masu aikin sa kai su je Gambiya na shekara biyu. Sai da ta ba da sunanta tukuna ta dawo gida neman izini.

Yayana Dominic tsohon kafinta ne. In ya yi magana uku a yini, to ranar an sha hira. Ya saurare ta har ta gama, ya ce, “To.” Ita ta ɗauka amincewa ce. Ni da muka fito ciki ɗaya na san irin “to” ɗin da yake yi ne in guduma ta sauka a yatsansa.

Ta cika jaka da daddawa da kuka da busasshiyar kuɓewa, har da muciya, wai ba za ta je ƙasar mutane ta mutu da yunwa ba. Tana isa ta tarar da su duk a kasuwa, suna kawai aka canza musu. Aka tura ta wata makarantar ƙauye a bakin kogi. Ta ce in ka ga kogin nan, namu kogin Kubanni kwata ne. Ranar da ta fara hawa jirgin fito, waƙoƙin zumuntar mata kaf sai da ta rera su ido a rufe. Shinkafa da kifi da rana, kifi da shinkafa da yamma. Amma a aji tana nan yadda muka san ta. Ba a rufa wata biyu ba yaran mutane suka koma miƙewa suna cewa “Ina kwana, Malama” da Hausa, iyayensu na tambayar wane sabon darasi ne wannan.

Duk wannan labari a waya muke jin sa. Kowace Lahadi in an tashi sujada, ’yarta Jemimah takan jingina waya da kwanon sha a tsakar gida, a kira Malama a bidiyo. To a nan matsalar take. Mutanen Samaru ba su san a leƙo a ɗaga hannu a wuce ba. Jikoki su gaisa. Maƙwabciya Mama Chinelo ta gaisa da Hausarta mai ƙashi. Matan zumunta su shigo da ankonsu, kowacce sai ta yi tata cikakkiya: ina yini, ina gajiya, yaya baƙunta, yaya mutanen wurin, yaya ruwa. Wata ma sai ta tambayi lafiyar kifin.

Shi kuwa Yaya, da kaftaninsa na Kirsimeti, yana gefe a kan benci, wai babba ba ya rige baƙi. Kafin layi ya zo kansa batir ya yi ja, netwok ya fara shaƙewa. Sai ya matso ya gyara hula.

“Malama, ina yini?”

“Lafiya lau, Baban Jemimah. Yaya gida?”

“Lafiya lau. Yaya aiki?”

“Lafiya lau.”

Ɗif. Shi ke nan, sai wata Lahadin.

Wallahi ƙarya suke yi su biyun. Gida ba lafiya lau ba. Mutumin nan ya ƙona wake har tukunya ta huje. Ya huda wa bel ɗinsa sabon rami da ƙusa. Zogalen da ta shuka ya dinga ba shi ruwa har ya kusa kashe shi. Sai ya hau bas tun daga Samaru ya zo shagona na atamfa a kasuwar Sabon Gari, wai ƙusa ya zo saya, ya zauna har la'asar bai ce uffan ba, ya koma ba ƙusa. Tausayinsa ya riƙa cina, haushinsa kuma ya fi.

Da wa'adin ya kusa cika, Malama ta kira ni ni kaɗai. Ta ce an roƙe ta ta ƙara shekara biyu, kuma Litinin mai zuwa za ta ba da amsa.

Na ce, “Anti, mijinki fa ya zama sandar rake. Ki dawo.”

Ta ce, “Happiness, ni lafiya lau yake ce mini. In gida lafiya lau ba ni, me zan dawo in yi? Yaran nan suna bukatata, kuma su suna faɗa.” Sannan ta ce, “Tun ina budurwa nake karanta shirun yayanki. Daga wannan aikin ma na yi ritaya. In yana so na dawo, ya faɗa da bakinsa.”

Na kai masa saƙo. Ya dube ni kamar na ce ya yi rawa a kasuwa. “Ni? A gaban yara da suruki? Ai ita ma lafiya lau take cewa. Kada in tare mata hanya.”

Ranar Lahadi na ɗaura ɗamara. Na tsaya a ƙofar gida na ce wa matan zumunta Malama na da mura, likita ya hana ta gaisuwa. Allah Ya yafe mini. Jemimah ta kwashe yara zuwa gidan Mama Chinelo. Na jingina waya, na zaunar da shi, na tsaya a kansa kamar mai gadin jarrabawa.

Ka san abin da bawan Allahn nan ya yi? Gaisuwa ya fara! Ina yini, ina gajiya, yaya ruwa, yaya shugaban makaranta. Na ji kamar in kwaɗa masa murfin tukunya. Can ta ce, “Yaya gida?”

Na taka masa ƙafa. Ya ce, “Gida... gida dai ga shi nan.”

Sai hoton Malama ya tsaya cak. Ido ba ya motsi, baki a rufe. Na ce, “Shi ke nan, netwok ya ɗauke. Ka kashe kanka da gaisuwa, Yaya.”

Ya daɗe yana kallon hoton. Da ya tabbata ba mai jin sa, sai bakin da na sani a kulle tun ina yarinya ya buɗe.

“Gida ba lafiya, Bibi,” in ji shi. Rabon da in ji sunan nan tun suna zance a ƙofar gidan babanta. “Wake ya gagare ni. Ina shan shayi a tsaye, ba mai hana ni, ba ya ma yi mini daɗi. Kujerarki na gyara mata ƙafa, na sake gyarawa, ba abin da ya same ta. Na gaji da lafiya lau. Ni dai ki dawo.”

Hawaye ya cika mini ido. Na kai hannu zan kashe wayar, sai na ga wata akuya ta gifta a bayan Malama. Hoton da ya daskare ba ya fitar da akuya.

Ashe tsayuwar da take yi a gaban aji ce, in tana jiran yaro ya kawo amsa da kansa. Ta ƙifta ido, ta share gefensa da bakin ɗankwali.

“Netwok lafiya lau yake, Baban Jemimah,” ta ce. “Ina jin ka. Amsar daidai ce, sai dai ka makara da ita.”

Yaya ya miƙe zai gudu, hula ta faɗi. Ta daka masa tsawa irin ta aji, ya koma ya zauna.

Ranar Litinin ta ce wa masu makarantar su nemi wata. Ta ƙarasa zangon, ta bar wa maƙwabciyarta muciya, ta dawo Samaru. Muka taru a tsakar gida, matan zumunta suka yi layi za su fara ina gajiya. Ta ɗaga musu hannu ta ce su dakata. Ta wuce su duka har inda yake rakuɓe a kan benci da kaftanin Kirsimeti, ta ce, “Yaya gida?”

Ya dube ta, ya ce, “Lafiya lau.” Wannan karon ban taka masa ƙafa ba.